Tantin Ko-ta-kwana

"Ba zai shiga ba," in ji Mai Walda. Yana durƙushe a tsakar gidan maƙwabcinsa, turken ƙarfe a hannun hagu, guduma a dama, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. "Siminti ne, Akawu. Turke ƙasa yake so."

"Ka karkata shi," in ji mara lafiyan daga kan kujerar roba, an lulluɓe shi da bargo har wuya. "Ba a miƙe ake buga shi ba."

"Ko a kwance na buga shi, siminti ne. Kuma kai ka sa aka zuba."

Gaskiya ne. Shi ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti tun daga bakin ƙofa har gindin katanga, don kada maciji ya sami maɓoya, a unguwar da ko ƙadangare da ƙyar yake samun abin kai wa baki. Tsohon akawun gidan waya ne, amma a bayan idonsa Ko-ta-kwana kowa ke ce masa. Tun yana aiki yake jiran wata rana: ranar da ruwa zai ci gari, ko wuta, ko ƙasa ta girgiza, shi dai bai zaɓa ba. Ɗaki guda ya ware wa ranar nan. Jarkokin ruwa jere har rufi, gwangwanayen kifi da wake, tocila iri-iri, rediyon da ake murza wa hannu ya yi magana, risho ɗan ƙarami kamar kofi, matatar ruwa da ake zuƙa ta cikinta da baki, har da wani bargo mai zif da mutum ke shiga cikinsa kamar buhun gawayi. Komai a ledarsa. Ba a buɗewa, domin a cewarsa abin da aka buɗe ya tashi daga shiri ya koma kayan gida. Ko lokacin da aka ɗauke ruwan famfo har mutane suka riƙa yawo da bokitai, shi ma bokitin ya ɗauka ya bi layi, ɗakinsa cike da ruwa. Ya ce wannan ba gaggawa ba ce, rashin tsari ne.

Mai Walda ya sha wa'azinsa ta kan katanga fiye da yadda ya sha shayi. Cewa tukunyar gas ɗinsa za ta tashi da layin gaba ɗaya. Cewa mutum mai irin tumbinsa ba zai iya tsere wa ambaliya ba. Wannan ta biyun ce ta fi yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Tantin kuwa na tafiya dutse ne. Akwai wani dutse mai tafki a gindinsa da Ko-ta-kwana ya gani a hoto, ya ce zai je ya kwana a can kamar yadda masu hankali ke yi, don mutum ya gwada kansa. Sau ɗaya ya kai tasha, jaka a baya, takalmi har ƙauri. Ya zagaya motar, ya ga ba ta da safayar taya, ya dawo gida kafin a gama shara.

Yanzu asibiti sun dawo da shi. Sun ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya san abin da suke nufi. Da safen nan ya aiki 'yarsa Auta shagon walda, ta tarar da Mai Walda yana haɗa ƙyauren wani.

"Kawu, wai ka zo ka kafa masa tanti."

"A ina?"

"A tsakar gida. Wai a ciki zai kwanta." Idonta ya yi ja. "Na yi magana har na gaji. Ko kai zai ji taka."

Mai Walda ya zo da niyyar ya faɗa wa tsohon cewa wannan hauka ne. Ya tarar da shi ya koma kamar tsinken tsintsiya, numfashi na fita da ƙyar, sai ya tsinci kansa yana tambaya ina jakar tantin take.

Fito da tantin ma aiki ya zama. Ledar ta bushe, ana taɓawa tana farfashewa. Da suka zaro shi sai wani wari ya tashi, kamar na tsohon takalmin roba. Yadin ya manne da juna saboda daɗewa a naɗe, sai da suka riƙa ɓanɓare shi a hankali, shi da mijin Auta, wani mai sayar da wayoyi da Mai Walda ke kira Ango har yau duk da 'ya'yansa sun shiga makaranta. Angon ya ja da ƙarfi a wani wuri, rufin ya yage kamar faɗin tafin hannu.

"Ka yaga," in ji Ko-ta-kwana, ido a rufe.

"Da ma a yage yake, Baba."

"Na ji ƙarar."

Robar da ke riƙe sandunan ta mutu, suka zube ƙasa guntu-guntu. Mai Walda ya aika aka ɗauko masa wayar ƙarfe daga shago, ya zura, ya ɗaure. Tsohon na ba da umarni daga kujera, wannan sanda ta bi ta wancan kafar yadin, a gicciye, a ɗaga tsakiya tukuna. Abin haushin shi ne duk daidai yake faɗa. Ya haddace komai. Mutumin da bai taɓa kwana a waje ba ko a barandar gidansa.

Tantin ya tashi, kore, a karkace kamar hular mashayi. Iska ta ɗan kaɗa, sai ya kama hanya zai tafi wajen ƙofa. Ango ya bi shi da gudu ya taka gefe. A nan ne aka zo maganar turaku da siminti.

"To a ɗaure kusurwoyin da wani abu mai nauyi," in ji Auta. "Ko a haƙura. Baba, don Allah a haƙura. Gadonka na nan, na canja zanin."

"Gado na sani," in ji shi.

Mai Walda ya miƙe da taimakon katanga. Ya duba tsakar gidan. Babu dutse, babu bulo, tsohon ya kwashe komai tuntuni don kada wani ya yi tuntuɓe ranar gudu. Sai idonsa ya faɗa kan ƙofar ɗakin ajiya da Ango ya bari a buɗe, wanda tun ɗazu yake shiga yana fita, yana juya wata fitila mai caji da rana a hannu kamar mai duba kankana a kasuwa.

"Ango, ajiye fitilar nan, mai ita bai tafi ba tukuna. Kawo jarkoki."

"Kada a taɓa ruwan nan," in ji Ko-ta-kwana. Idon ya buɗe tar. "Na gaggawa ne."

"Ba sha za mu yi ba. Ɗaure igiya za mu yi."

"In an fitar da su rana za ta buge su. Ruwan zai lalace."

"Ruwan da ya girmi jikokinka?"

"Ba a taɓa shi sai ranar."

Mai Walda ya ji wani abu ya taso masa, haushin shekaru, da zafin rana, da ciwon gwiwa, da ƙyauren mutane da ya bari rabi a shago.

"Wace ranar, Akawu? Wace rana kuma kake jira?"

Auta ta juya fuska wajen katanga. Ango ya ajiye fitilar a hankali. Mai Walda ya tsaya da gudumarsa, ya san bakinsa ya yi masa abin da ya saba yi masa, kuma babu hanyar mayar da magana.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Ƙirjinsa na hawa yana sauka.

"Na bakin ƙofa," ya ce. "Su ne tsofaffi. Huɗu kawai. Kuma kada a buɗe murfin."

Suka jera jarkokin a kusurwoyi, suka ɗaure igiyoyin a hannayensu. Tantin ya tsaya. Auta ta kawo katifa, tsohon ya ce a mayar, a dutse babu katifa. Aka yi ciniki, aka tsaya a kan tabarmar soso da ke cikin kayan, da bargon nan mai zif. Mai Walda ne ya yage ledar bargon da haƙori, yana satar kallon mai shi. Mai shi ya kawar da kai, kamar wanda ake yi wa ɗansa allura.

Da suka ɗaga tsohon, Mai Walda ya shirya bayansa don nauyi, sai ya ji babu komai. Ya sha ɗaukar ƙyauren taga da ya fi shi nauyi. Suka shigar da shi, ƙafafu a gaba, suka zuge bargon har ƙirji.

"Maƙeri," in ji shi. Haka yake kiran Mai Walda in yana son ya ɓata masa rai. "Shigo."

"Ni? Ina zan shiga?"

"Na mutum biyu ne. An rubuta a jiki."

Wanda ya rubuta bai taɓa ganin Mai Walda ba. Ya rarrafa ya shiga, tumbi na share ƙasa, kansa ya bugi sanda, tantin duka ya girgiza. Ya kwanta rigingine a gefen tsohon, kafaɗa na gogar kafaɗa, ƙafafunsa a waje. Ya ji Ango na dariya ƙasa-ƙasa, ya ƙudura a ransa zai tuna masa.

Ciki zafi kamar murhu. Hasken ya koma kore, ya sa fuskar tsohon ta zama kamar ta wanda ke ƙarƙashin ruwa. Warin roba ya cika hanci.

"Me kake hange ta wurin yagewar nan?" in ji Ko-ta-kwana.

"Igiyar shanya. Da wandon surukinka."

"Sama fa?"

"Akwai kaɗan."

Daga titi ana jin mai gyaran takalmi na buga akwatinsa, wata mota na ƙin tashi. Tsohon ya zaro hannu daga bargon ya shafa yadin tantin da bayan yatsu, ya bi ɗinkin har inda hannunsa ya kai.

"A hoton ya fi girma," ya ce.

"Komai a hoto ya fi girma."

"Kuma ƙasar da tauri."

"Siminti ne."

"Ashe haka abin yake." Ya numfasa. "Ba wani abu ba ne."

Shekara da shekaru Mai Walda ke jiran jin wannan magana daga bakin mutumin nan. Ya tanadi amsoshi kala-kala, wasu ma ya gwada su a kan matarsa. Yanzu ga ta ta zo, shi kuma yana kwance kamar buhun siminti da gumi na shiga masa kunne.

"Ai na faɗa maka," ya ce. Iyakar abin da ya samu ke nan.

Tsohon ya yi wata ƙara da Mai Walda ya ɗauka tari ne, har ya yunƙura zai kira Auta. Dariya ce.

"Fita," in ji shi. "Ka cinye iskar. Ka zuge ƙofar in ka fita."

Auta ta ce a bar ƙofar a buɗe. Uban ya ce a dutse sauro ke shiga. Mai Walda ya zuge ta rabi, kowa ya sami rabin abin da yake so, ya koma shago.

Bai iya aikin kirki ba. Ya ɗiga wuta a inda bai kamata ba, ya kankare, ya sake. Can da la'asar, rana ta sauka daga kan katanga, ya kashe injin don ya sha ruwa, sai ya ji muryar Auta ta tsallako. Ba ihu ba ne. Kira take yi, "Baba. Baba," irin kiran da ake yi wa mai barci in shayinsa zai huce. Ta kira har muryar ta canja. Mai Walda ya cire gilashin walda ya rataye a ƙusa.

Bayan an kai shi, mutane sun watse, Ango ya kawo mota ya yi ta lodin ɗakin ajiya. Gwangwanayen duk sun kumbura, aka zubar. Batiran tocilolin sun yi ruwa sun cinye cikinsu. Fitilar nan mai caji da rana ce kawai ta kama, ita ma tun ranar farko ta bi Ango gida.

Tantin aka bari a ƙarshe, don ba wanda ya so ya fara taɓa shi. Mai Walda ya shigo da yamma ya kwance igiyoyin, ya zare sandunan, ya naɗe yadin. Bai shiga jakar ba. Ya warware ya sake naɗewa, ya danne da gwiwa, ya hau kai ya zauna. Auta na tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa.

"Kawu, bar shi haka."

"A cikinta ya fito. Dole ya koma."

"Bar shi."

Ya bar shi a kan kujerar roba, rabi a jaka, rabi a waje. Iskar yamma na ɗaga gefen yadin tana sakewa.