Inna Ta Yanka Min Jerin Aikatau

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Turanci, ban taɓa samun ɗaliba mai gardama irin mahaifiyata ba.

Inna tela ce. Karatunta bai yi nisa ba, amma tana haɗa baƙi, tana kuma jin Turancin ciniki. Abin da ya tayar da maganar 'yar Yaya ce. Yayana ya rasu a wata ƙasa tun yarinyar tana goye, ta tashi can wajen uwarta, ko sannu ba ta sani ba da Hausa. Yanzu shekarunta goma sha uku, za a kawo mana ita kwana huɗu kacal.

"Labarin ubanta zan ba ta," in ji Inna. "Da bakina. Ba na son tafinta."

"To ai ga ni, Inna."

"Ke nake nufi. Za ki gyara masa hali."

Saura wata biyu. Na yi mata bayani cewa in za a faɗi abin da ya wuce da Turanci, sai aikatau ya sauya. Yawancinsu masu biyayya ne, a liƙa musu wutsiya a wuce. Amma akwai 'yan taurin kai: go ya koma went, eat ya koma ate, ba dalili, sai hadda. Na bugo mata su shafi huɗu, ɗari da hamsin, kowanne da fassararsa. Na ce goma kullum.

Washegari da la'asar na shiga shagon ɗinkinta, na tarar an bi takarduna da almakashi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Haba Inna, haka ake karatu?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kin taɓa ganin na yanka yadi ban auna mai shi ba? Kin kwaso min ɗari da hamsin. Nawa yaron nan ya aikata a ciki?"

Sai ta nuna min bango. Ta rataye farin yadi, ta soke 'yan takardu talatin da ɗaya da fil, ba bisa jerin haruffa ba, bisa jerin rayuwar Yaya. Ya ciza. Ya faɗi. Ya karye. Ya sata, sukari ke nan. Ya girma. Ta ƙarshe: ya tafi. Ni da digirina, wannan dabarar ba ta taɓa zo min ba.

Haka ta riƙa taka keke tana maimaita su. Brought, wato ya kawo, ya ba ta wuya har masu kawo ɗinki suka fara yi mata dariya. Ta ce su yi, su waye suke da jika a hanya?

Ranar ta zo. Yarinyar doguwa ce, mai goshin Yaya sak, tana ta noƙewa a bayan uwarta. Inna ta jawo ta ta zaunar kusa da keken, ta cire fil na farko.

"Your father bit me," ta ce, ta nuna yatsa.

Yarinyar ta tuntsire da dariya. Ni ina bakin ƙofa, bakina yana ƙaiƙayin gyara, don Inna ta yi kurakurai sun fi ashirin. Amma 'yan taurin kan nan ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ban taɓa alfahari da ɗalibi kamar ranar ba.

Da ta cire takarda ta ƙarshe, ta faɗa mata cewa ya tafi. Yarinyar ta matso ta tambaya, sai kuma me? Yadin ya zama wayam. Na taka zan shiga, Inna ta ɗaga min hannu.

Ta sunkuya ta jawo gwangwanin da take tara ƙyallaye. Tela ba ya zubar da ragowa. Sauran takardun duk suna ciki. Ta juye su a cinyar yarinyar.

Yarinyar ta ɗauki ɗaya, ta karanta, ta kwaikwayi iyo da hannuwanta.

"Wa? Shi?" in ji Inna da Hausa, tana dariya tana share ido. "Ko wanka sai an kamo shi."

Yarinyar ba ta waiwayo ni don fassara ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki ta gaba.