Karen da Gwadabe Ya Koya wa Shiru

Gwadabe ya sake damƙe bakin karen da hannu biyu, ya danna shi har haɓarsa ta taɓa ƙasa.

"Kwanta, ɗan banza! Kwanta!"

Kare ne ko jaki, mutanen Tudun Wada ba su gama yanke shawara ba. Baƙi wuluk, kai kamar turmi, haushi ɗaya kajin unguwa sun watse. Na wani Bature ne mai aikin shimfiɗa hanyar jirgi, wanda Gwadabe maharbi ke rakawa daji. Da Baturen zai tafi ƙasarsu hutu, ya danƙa wa Gwadabe igiya, ya nuna karen, ya nuna wuyan Gwadabe. Ba a nemi tafinta ba.

Tun daga ranar, Dogo, sunan da Maijidda matar Gwadabe ta laƙa masa, bai rufe baki ba. Kuma ba ko'ina yake wa haushin ba, sai bayan gida, inda dangar kara ta yi iyaka da gonar dawa, dawar kuwa ta shanye kan mutum. Mata a bakin rijiya sun ce kare na ganin abin da ɗan Adam ba ya gani. Hajo mai ƙosai ma ta rantse wai gawa yake kira, har ta faɗi gidan da za a fara, gidan wata da suke 'yar tsama.

Shi ya sa mai unguwa Attahiru ya zo da kansa, ya tsaya nesa da ƙofa.

"Gwadabe, mala'iku sun ƙaurace wa unguwar nan. Liman rafkanuwa yake ta yi a salla."

"Ranka ya daɗe, karen Nasara ne. In na kore shi, wuyana."

"To, kafin Juma'a ya yi shiru. In ba haka ba ku tattara, da kai da shi da iyalinka."

Ina zai nufa a tsakiyar damina, da mace mai goyo, ga ɗakin da bai daɗe da yi wa jinka ba? Sai ya koma ga abin da ya gada. Karen farauta ba ya haushi in ya shinshino dabba, lafewa yake, kada nama ya gudu. Gwadabe ya zazzage tsohon buhunsa, ya gwada wa Dogo fatar gada, ko kallo. Fatar zomo, hamma. Da ya fito da guntuwar fatar kura, sai karen ya miƙe, gashin bayansa ya tashi, ya saki irin haushin nan nasa na bayan gida.

"Yauwa, na kama ka," in ji Gwadabe.

Haka suka yi ta fama. Ya nuna fata, kare ya buɗe baki, ya damƙe ya danne. In ya lafe shiru, ya sami ɓallin kilishi.

"Mu da muke gidan ba mu ga kilishi ba," Maijidda ta ce tana tankaɗe. "Ko ni ma in fara haushin ne, Malam?"

"Ke naki ai ba ya jin magani."

Ranar Alhamis ko fatar ya shafa masa a hanci, Dogo sai ya baje a ƙasa, ya miƙe wuya, ko numfashinsa ba a ji. Ranar Juma'a unguwa ta wayi gari tsit. Bayan an sauko masallaci mai unguwa ya ba Gwadabe hannu a gaban jama'a, liman ya sa masa albarka. Hajo kaɗai ta taɓe baki, an kashe mata labari.

Gwadabe ya dawo gida da la'asar, hadari ya haɗo ta gabas, iska ta ɗauke. Maijidda ta shiga maƙwabta ɗebo wuta. Ta bar jaririyarsu tana barci kan tabarma a gindin zogale, dab da danga, inda a da ba ta yarda ta shimfiɗe ta saboda hayaniyar kare.

Dogo na ɗaure a turkensa. Ba kwanciyar hutu yake ba. Ya baje, wuya a miƙe, gashin baya a tsaye, idanu kafe a kan danga. Daidai yadda aka koya masa.

Gwadabe ya taɓa aljihunsa. Fatar tana ciki, a naɗe.

Ya bi idon karen. A ƙasan dangar an ture kara uku, ga sawu a ɗanyar ƙasa, na gaba ya fi na baya girma, irin na kura. Bakansa na ɗaki, ɗakin kuwa ya fi tabarmar nisa. A cikin dawa wani abu ya motsa, ganye ɗaya, alhali babu iska. Maƙwabta ga su nan bayan katanga, yana jin dariyarsu.

Ya fara takawa wajen tabarmar a hankali, bai ɗauke ido daga dangar ba.

"Dogo," ya ce da raɗa. "Yi haushi. Don Allah yi haushi."

Karen ya juyo da ido kawai, ya dube shi, ya dubi aljihunsa, yana jiran kilishi.