Albarushi Marar Hayaƙi

Ina cikin sito a bayan unguwar Xiaobei ta ƙasar Chana ina ɗaure kwalayen fanka masu caji da za a loda a kwantenar Kano, sai wayata ta yi ƙara. Babayo ne, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya. Nan la'asar ce, can gida hantsi. Gaisuwar kirki ma bai yi ba, sai ya kanga gwangwanin madara a gaban kyamara.

"Yaya, duba nan."

Wani gari ne a ciki mai ƙwaya-ƙwaya kamar riɗi. Na ce a ina ya samo. Ya ce 'yan bindiga sun tashi daga sansaninsu na bakin rafi, shi da 'yan sa-kai suka tsinci harsasai, ya fasa su ya juye abin cikin.

"Wannan ba ya hayaƙi, Yaya. Albarushinmu kuwa kana harbawa ka yi wa kanka shela. Hayaƙin nan ne ya nuna musu inda abokinmu Shehu ya kwanta. Ni na ɗauko gawarsa."

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma a maƙera aka haife ni. Bindigar tokar da Babayo ke riƙewa Baba ne ya ƙera ta, ni na yi masa zuga. Na san ƙarfen.

Na ce, "In ka ɗura wannan a bindigar Baba, ba ɓarawo za ka harba ba, kanka za ka harba. Bututun zai tsage a fuskarka."

"Kaɗan zan sa."

"Babu kaɗan. Ba a yi ta don shi ba."

Ya yi dariyar da ba ta farin ciki ba. "To Alhajin Chana, kai da ke zaune inda ake yin ƙarfe, aiko min bututun da zai ɗauka mana. Ko kuwa fanka kawai kuka sani?"

Maganar ta soke ni. Da na tashi aiki na biya wajen wani mai kayan ƙarfe da muke sayen ƙusa a hannunsa. Na ce, "Lawban," wato maigida, "bututu mai kauri." Ya fito da kala-kala, ya buga tambaya a wayarsa, ta fassara min da murya: na mene ne? Ban iya ƙarya da sauri ba, na ɗaga hannu kamar mai saiti. Fuskarsa ta canja. Ya kwashe kayansa yana "meyo, meyo", wato babu, idonsa a kan kyamarar shagon.

Na hau bene wajen Hajiya Salamatou, 'yar Damagaram, wadda ke tura mana kaya. Ta saurare ni tana cin taliya da tsinke.

"Malam Ma'azu, da furfurarka? Nan ƙasar bindigar wasan yara ma in ta yi kama da gaske sai ka yi bayani. In duwan, wato 'yan kwastan, suka buɗe kwantena, ba kai kaɗai ba, ni da duk mai kaya a ciki mun shiga uku. Ka ce wa ƙaninka ya kwashe iyalinsa ya koma birni."

"Ya bar wa wa gonar?"

Ta ɗaga kafaɗa. "To ka raba shi da gwangwanin."

Na sake kiran Babayo, bai ɗauka ba. Na san halinsa, in ya kafe ko Baba sai ya haɗa da sanda. Sai na kira matarsa Fasuma. Na ce ina gwangwanin yake. Ta ce yana rataye a ɗakin ajiya, Babayo kuwa ya tafi gona.

"Ɗauko ki juye a masai."

"Yaya, ƙaninka zai ci mutuncina."

"Ya ci. Gara mai faɗa da gawa. Ki ce ni na sa ki."

Na ji takunta, na ji ƙarar murfin kwano, sannan ta ce, "Na zuba."

Washegari da na tashi na tarar da saƙon muryarsa. Tunda muke bai taɓa kiran sunana gatsal ba sai ranar. "Ma'azu, kana can kana cin shinkafar Sinawa kana mulkin gidana da waya. Harsashi bai ƙare a bakin rafi ba. Gobe da asuba zan koma in tsinto." Na aika masa cewa kada ya je, wanda ya tashi daga sansani yana iya dawowa. Ya saurara, bai amsa ba. Na kira shugaban 'yan sa-kai, layinsa ba ya shiga.

Ranar ta kama ranar lodi. Zafi kamar a tukunya, ga ruwa yana barazana, direban kwantena sai duba agogo yake. Muna tsakiyar jera kwalaye Fasuma ta kira. Na jingina da bango na ɗauka.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce shi kaɗai ya tafi a kan babur, ba wanda ya yarda ya raka shi. Ashe 'yan bindigar sun dawo sansaninsu. Masu itace ne suka gan shi a bakin hanya, yanzu aka shigo da shi, za a kai shi bayan azahar.

Na yi salati. Ko jirgi yana jirana a ƙofar sito ba zan samu jana'izar ba.

"Yaya," in ji ta, "da na bar masa gwangwanin fa?"

"Da bindigar ta fashe da shi."

"Ka tabbata?"

Direban ya danna oda, mai siton yana ta ɗaga min hannu yana ihu da yarensu.

Na ce, "Na tabbata."

Sai ta kashe. Na sa wayar a aljihu na sunkuci kwali.