Zoben Hajiya

Hannuwan Auta sun riga ta tsufa. Ruwan wanki ya cinye fatar yatsunta, dutsen guga ya bar mata tabo a bayan hannun dama, kuma su take kallo tun da aka tsayar da ita a akwatin shaida. Ba ta son ɗaga kai, don tana ɗagawa za ta ga matan nan biyu da ake tuhuma da safararta: Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta ɗauko ta daga gida da sunan za ta sa ta makaranta, da Hajiya, wadda aka miƙa mata ita kamar tukunyar aro.

Da safe, a ƙofar kotun, Inna, mahaifiyarta, ta riƙe mata gefen mayafi tana magiya. Wai ta rufa musu asiri, ta ce riƙo ne. In aka ɗaure Gwaggo ta dalilinta, dangin uba ba za su sake taka gidansu ba, ko da gawa aka kwantar a tsakar gida. Auta ta ce to. Ta daɗe tana cewa to, har ta manta akwai wata kalmar.

Lauyan Hajiya ya taso yana murmushi, muryarsa da taushi kamar mai lallashin jariri. Ya tambaye ta ko an ciyar da ita, ko an tufatar da ita. Ashe ba riƙo ba ne irin wanda kowa ya sani? Ashe ba kamar 'yar cikinta Hajiya ta ɗauke ta ba?

"Haka ne," in ji Auta.

Lauyar gwamnati ta ajiye biro ta runtse ido. Tun ranar da wata maƙwabciya ta gaji da jin kuka ta bayan katanga ta kai ƙara, take ɗawainiya da wannan shari'a, ga shi bakin da ta dogara da shi ya rufe. Hajiya kuwa ta gyara zama, ta gyara mayafi, daɗi ya cika ta, ta ƙwanƙwasa zobenta a jikin katakon da ke gabanta. Ƙwas, ƙwas.

Auta ba ta san lokacin da ta sauko ba. Sai dai ta tsinci kanta durƙushe a gaban Hajiya, kai a ƙasa.

"Na'am, Hajiya."

Da haka ake kiranta a gidan can. Hajiya ba ta wahalar da bakinta da suna. Zobe take bugawa a gilashin tebur, kuma ko mai Auta ta ɗora a wuta, ko sallah take, dole ta iso kafin ƙarar ta mutu.

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Alƙali ya zare tabarau ya tambayi me ke faruwa, kafin lauyanta ya hana ta Hajiya ta amsa.

"Tarbiyya ce, ranka ya daɗe. Da aka kawo ta ko gaisuwa ba ta iya ba."

Auta ta ɗago. A layin gaba ga 'yar Hajiya, sa'arta, ƙafa kan ƙafa, hannuwanta sumul kamar ba su taɓa sanin ruwa ba.

Auta ta miƙe, a hankali, har ta tsaya cak.

"Ga 'yarki can," ta ce. "Ita ma ta ji zoben. Me ya hana ta tashi?"

Ta koma akwatin shaida da ƙafarta, ta buɗe baki, ba ta kuma rufe ba. Ta faɗi kwanan kicin a kan kwali, a gefen firij. Ta faɗi ƙofar gida da ake kullewa a tafi da makulli, da wayar caja da ake dukanta da ita, da yadda Gwaggo ke zuwa duk ƙarshen wata, ta shige ɗakin Hajiya, ta fito tana zuge jaka, ta wuce ta kan tayil ɗin da Auta take gogewa ba ko sannu.

"Ke 'yar nan, ni za ki tona wa asiri?" Gwaggo ta ce. "Jinin ubanki?"

"Gwaggo, ina makarantar?"

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Daga bisani ya soke belin matan biyu, ya ɗage zama.

A baranda Inna na tsaye jikin bango, ta ƙi haɗa ido da Auta. 'Yan sanda suka fito da Gwaggo, Hajiya na biye, zoben yana ƙyalli kusa da ankwa. Suna zuwa daidai inda suke, Inna ta tattare zani, gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa don gaisuwa.

Auta ta sa hannun nan mai tabo ta riƙe mata damtse. Ba ta sake ta ba har suka wuce.