Madubin Dala Sittin da Barewar Inna

Wata uku ke nan da na ɗauko Inna daga Ɓurra zuwa gidana a unguwar Mount Hope da ke Bronx, ƙasar Turawa, saboda aikin da aka yi mata a ciki. Aiki ya yi kyau, likitoci sun sallame ta, amma abinci ya ƙi shiga. Matata Firdausi ta yi tuwo, ta yi fate, ta yi farfesun kaza, har Harlem ta je wajen 'yan Nijar ta sayo kwaɗon zogale. Inna sai ta taɓa cokali biyu ta ture kwano, ta koma ta kwanta fuskarta na kallon bango. Ni da nake aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti na san abin da ramar tsoho ke nufi, kuma tsoro ya kama ni ba kaɗan ba.

Wata Juma'a ina zaune a bakin gadonta sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Da dai naman barewa ne, irin wanda Malam ke kawowa." Malam mahaifina ne, maharbi, shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. Ban tsaya wani lissafi ba na ce, "Inna, za ki ci barewa a gidan nan." Ta dube ni ta ce, "Shitu, a garin da ko akuya ban gani ba?"

Bindiga ina da ita, da takardunta cif, tana kulle a akwatin ƙarfe shekara biyu. Lasisin farauta ma na yi shi tun bara, don ɗan maharbi ba ya rasa ƙaiƙayin hannu. Matsalar ido ce. Na haura arba'in da biyar, in na ɗora ido a kan ɗan ƙarfen saitin da ke bakin bindiga sai ya narke mini kamar man shanu. Dole in nemi madubin da ake ɗaura wa bindiga ya jawo abu kusa, wanda 'yan nan ke kira sikof.

Abokina Moro ne ya raka ni shagon kayan farauta, can bayan gari. Mutumin Zangon Kumasi ne, direban tasi, shekara goma yana farauta, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Madubin da ke kan bindigarsa ya fi kuɗin hayar gidana na wata guda. Ni kuwa na wuce duk na cikin gilashi, na je can ƙasan kanta na ɗauko wani a kwali, dala sittin har da zobban ɗaurawa.

"Massa, wannan toy ne, abin wasan yara," in ji Moro, wanda kowane aboki Massa ne a bakinsa. "Za ka leƙa ka gani barewa biyu, ka harbi wanda ba ya nan."

Na leƙa ta ciki na auna wata alama a tsallaken titi. Na karanta rubutun tsaf, layukan nan biyu da suka gitta juna suna nan siriri kamar zaren ɗinki. Na ce masa, "Ubana da bindigar toka ya ciyar da mutum goma sha huɗu. Ba tauraro zan harba ba, yadi ɗari ne." Mai shagon ya ce madubin yana riƙe saiti, sai dai ba shi da haƙuri: in idonka ya yi gaba ko baya da yatsa biyu, ba za ka ga komai ba. Na ce na ji.

A tsakiyar Oktoba muka je filin gwajin harbi. Rana ce mai daɗi, 'yar riga mai gajeren hannu ce a jikina. Na kafa gindin bindiga a kafaɗa, na yi ta matsar da madubin gaba da baya har da'irar ta cika da haske, sannan na ɗaure notuna tamau. Harsashin farko ya faɗa ƙasa ta hagu. Na murɗa maɓallin sama, ƙas ƙas ƙas, na murɗa na gefe. A zagaye na uku na zuba harsashi uku a wurin da tafin hannu zai rufe. Moro ya daɗe yana kallon takardar da na harba, ya ce sa'a ce. Na sake zuba uku a wuri guda, na ce masa sa'ar tana da ƙanne.

Ranar farauta ta faɗo ƙarshen Nuwamba, ranar hutuna guda ɗaya tak a makon. Muna idar da sallar asuba Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ji Firdausi na cewa an yi dusar ƙanƙara a can inda za mu, kuma a wurin Inna sanyi ba yanayi ba ne, maƙiyi ne mai neman haƙarƙarin ɗanta. Ina da singileti da riga da suwaita, ta ce in ƙara wata suwaitar. Na ƙara. Ta ce jaket fa? Na sa. Ta ce Firdausi ta ɗauko babbar kwat ɗin nan mai kamar katifa. A ƙarshe ta zare mayafin ulu daga kafaɗarta ta naɗa mini a wuya sau uku. Wa zai ce wa uwa a'a a irin wannan hali? Gaskiya ma ni kaina tsoron sanyin nake ji. Na fito da ƙyar nake lanƙwasa hannu, Moro ya ce in shiga but ɗin mota tunda na zama kaya.

Tafiyar awa biyu ce zuwa gonar wani tsohon Bature da Moro ya saba da shi. Ya ajiye ni a gindin wata bishiya a bakin fili, shi ya haura tudu. Na zauna ina jin daɗin kaina, ɗumi har ƙafa, ina tausaya wa Turawan da ke fitowa da 'yar jaket guda.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ya fito. Kishimi ne, namijin barewa, ƙato, ƙahonsa da rassa, ya tsaya yana tonon ƙanƙara da kofato, bai fi yadi tamanin ba. Na ɗaga bindiga a hankali, na kai ido.

Baƙi ƙirin. Sai wani ɗan haske kamar jinjirin wata yana yawo a gefe.

A zuciyata na tsine wa madubin da wanda ya ƙera shi. Na ce shi ke nan, Moro zai yi ta ba da labarina har jikokinsa. Na sauke, na goge gilashin da yatsa, lafiyarsa ƙalau. Na sake ɗagawa, na yi ƙoƙarin miƙa wuya gaba, mayafin Inna ya riƙe ni kamar an ɗaure rago. A nan ne na dubi kafaɗata, na ga abin da ya faru. Tsakanin gindin bindiga da ƙashina akwai tufafi kaurin yatsa huɗu. Na saita madubi da 'yar riga a Oktoba, na zo harbi da rabin durowar gida a jikina. Madubi bai yi laifin komai ba, ni ne na matsa daga inda na ce masa zan tsaya.

Kishimin ya yi taku uku zuwa bakin kurmi. Zan iya lalubo wannan ɗan hasken in danna kunama a kan tsammani, wataƙila ma in same shi. Amma in harsashi ya shiga cikinsa ko cinya, zai gudu ya je ya mutu a inda ban sani ba, in tsince shi gobe mushe ko kada in tsince shi sam. Inna ba za ta ci mushe ba, ni kuma ba zan kai mata ƙarya a kwano ba.

Na zame bayan bishiyar, na jingine bindiga, na fara tuɓewa. Ban taɓa sanin zif yana da ƙara haka ba sai ranar. Haƙori ɗaya-ɗaya na riƙa jan sa, in tsaya in leƙa, in sake ja. Kwat ta sauka, jaket ta bi ta, sai suwaita biyu. Mayafin na warware na ninke na ɗora a kan kwat don kada ya jiƙe. Hular ruwan lemo kawai na mayar a kaina, ita doka ce, don sauran maharba su hango mutum. Sanyin ya shige ni kamar an watsa mini allurai, haƙorana suka fara kaɗawa, na cije su.

Da na koma yana nan, rabin jikinsa ya riga ya shiga inuwar kurmi. Na kafa bindiga a kafaɗa, na kai ido, sai ga da'irar ta cika fal. Har tururin hancinsa nake gani. Na ɗora mahaɗar layukan a bayan kafaɗarsa, na saki rabin numfashi, na ce bismillahi Allahu akbar, na danna.

Ya yi tsalle ɗaya, ya ruga kamar taku ashirin, ya faɗi. Na zare wuƙa na bi shi a guje cikin ƙanƙara. Na tarar da shi da sauran rai, na juya shi gabas na yanka. Sai da jini ya gama zuba na lura hannuwana sun daina jin komai.

Moro ya gangaro ya same ni da 'yar riga ina karkarwa a kan kishimi, kayana a zube a gindin bishiya. Ya dubi ramin harsashin, daidai inda ya kamata. Ya dube ni. Ya ce, "Massa, kokawa kuka yi da shi?" Ya yi dariya har ya durƙusa, sannan ya karɓi bindigata ya leƙa madubin, ya sauke, ya sake leƙawa. Na bar shi yana ta leƙe, na je na mayar da kayana.

Muka ɗaura wa kishimin takardar lasisi, muka feɗe a rumfar tsohon, muka ba shi cinya guda. La'asar sakaliya muka iso Bronx, ni da Moro muka hau da akwatin sanyi hawa na biyar. Firdausi ta shimfiɗa leda a kicin, ta jawo ƙafar gaba ta fara sara ta gutsi-gutsi kamar naman miya.

"Wane ne ke wa naman daji wannan wulaƙancin?"

Muka waiwaya. Inna ce a ƙofar kicin, ta dafa bango. Sati biyar ba ta tako nan ba. Firdausi ta yi sauri ta kawo mata kujera, ta ce, "Inna, ki koya mini, ni 'yar birni ce." Inna ta zauna ta sa aka juya mata naman ta duba, ta shinshina yatsanta. Ta tambaye ni ko na same shi da rai, na ce na same shi, ni na yanka. Ta gyaɗa kai.

"Ku bar wannan tukuna. Ina hantar?"

Na ɗauko mata. Ta ce a yanka ta falle-falle, gishiri kawai, ban da maggi ban da albasa, kuma kada a bari ta bushe a wuta. Ta zauna tana yi wa Firdausi faɗan juyawa da wuri, muryarta na ƙara ƙarfi da kowane faɗa. Da aka sauke ta ɗauki yanka ɗaya da hannu, ta daɗe tana taunawa idonta a rufe. Ni ina tsaye bakin firij ina kallonta.

Ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. Firdausi ta miƙa hannu za ta janye farantin ta ƙaro mai zafi, Inna ta dafe shi.

"Ina za ki kai mini? Ban gama ba."

Na juya na buɗe firij kamar mai neman wani abu, na tsaya a haka har idona ya bushe.