Rabin Gemu

Tsohon direba ya tashi daga kujerar aski da rabin gemu. Dama ta sha aska fes, hagu kuwa ko taɓa ta ba a yi ba. Ya dubi madubi, ya shafa haɓa.

"Kai, maigida, yau ka mai da ni ango! Saura a nemo mini amarya."

Mai aski ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa na tsaye a bakin shagon, riƙe da kwanon abincinsa. Ta bi direban da ido har ya faɗa shagon wani mai askin a ƙarshen layi. Ashe haka tsofaffin abokan cinikinsa suke yi kwanakin nan: su zauna, su yaba, su je can a ƙarasa musu. Ba wanda ya taɓa gaya masa.

Jiya likita ya ja ta gefe. Sankarar da ke cin huhun mijinta ta haura ƙwaƙwalwa, shi ya sa duk abin da ke hagunsa ya daina sanin da zamansa.

"Mama, ki raba shi da aska. Yau gemu ne, gobe maƙogwaron wani."

Ta saurare shi kamar labarin maƙwabta ake ba ta. Hawaye bai zo ba, a hanya ma har ta tsaya sayen sabulu. Amma ta yaya za ta faɗa masa? Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya kawunan mutane bai taɓa yarda a juya nasa ba. Raba shi da aska, binne shi ne da ransa.

Sai ga wani baƙo ya shigo, ya zauna, ya kwantar da kai ya lumshe ido. Mai aski ya shafa masa kumfa har wuya, ya miƙa hannu kan tebur. Ya ɗaga tawul, ya ja aljihun tebur, ya lalube aljihun rigarsa.

Askar na nan a buɗe, a hagunsa, ko taƙi ɗaya babu tsakaninta da hannunsa.

"Maman yara, kin ga askata?"

Ta dubi askar, ta dubi wuyan baƙon.

"Ban gani ba."

"Ikon Allah," in ji shi. "Yanzun nan fa na ajiye ta."

Ya sake jan aljihun tebur, kumfa na bushewa a fuskar baƙon.