Rubutun da Na Karɓo wa Haula

'Yata Haula tana ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, bana za ta yi jarrabawar bak. Ni ban wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare. Gero nake sarowa a Kornaka ina sayarwa nan Dakoro.

Wata rana muna cin tuwo ta ce mushensu na filo, wato malamin falsafa, ya kawo musu hujjojin samuwar Allah, ya ce su nemo inda kowace take da rauni. Na ajiye lomar da ke hannuna.

"Wane rauni? Ba ga shi a Littafi ba?"

"Baba, in wanda bai yarda ba ya ce mi ya sa Littafin gaskiya ne hwa?"

"Don maganar Allah ce!"

"To ka ga ka komo inda ka taso, kamar akuya a turke."

Uwarta Rahinatu ta ce, "Ke, uban naki ne akuyar?"

Na ce duk garin nan har Birnin Lalle babu wanda bai yarda ba. Ta ce yawan mutane ba hujja ba ne. Na kulle kekenta a ɗakin buhuna, na ce lakwal ta ƙare. Sannan na je wurin Malam Kalla ya wanke mini allo.

Ta yi bisimilla ta shanye rubutun, ko gardama babu.

Da asuba ban fita masallaci ba, na tsaya in gani. Sai ga ta a kan tabarma tana salla. Da ta sallame na ce, "Alhamdulillahi, rubutu ya kama."

"Baba, wannan ma tana cikin kurakuran da mushe ya nuna muna. Don abu ya biyo bayan abu, ba shi ne ya kawo shi ba."

Rahinatu ta ce, "Kullum haka take tashi, Malam. Kai ne kake masallaci."

Na juya wurin Haula na ce, "To kin yarda da Allah ko ba ki yarda ba?"

"Na yarda mana! Hujjar ce gurguwa."

Na jima ina jujjuya maganar, ban gano yadda mutum zai karya hujja ya kuma tashi da asuba ba. Da rana ta fito na miƙa wa Haula makullin ɗakin buhunan.

A hanyar kasuwa Malam Kalla ya tambaye ni ko magani ya ci. Na ce masa, "Tana dai salla."